Siram a Madadin Firaima: Inda Yake Aiki da Inda Yake Ba da Kunya a Zafin Makka da Jidda

Tambayar da take yawan yawo tsakanin 'yan mata da masu yi wa amare kwalliya a Makka da Jidda ita ce: tunda siram yana sa fuska ta yi laushi da ɗan danƙo, me zai hana a ajiye firaima a ɗora hoda a kan siram ɗin kai tsaye? Kuɗin kwalba ɗaya ya huta, nauyin da ke kan fuska ma ya ragu. Ana iya yi, amma ba da kowane siram ba, ba a kowace fata ba, kuma ba da rana ba. Wannan na ƙarshen shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne yake raba gardamar.

Da farko dai abubuwan nan biyu ba don aiki ɗaya aka yi su ba. Siram ruwa ne mai ɗan kauri da aka zuba wa wani sinadari don ya shiga fata. Idan ya yi kyau, nutsewa yake ya ɓace. Firaima, wanda a saidaliyya, wato kantin magani, za ki ji ana ce masa "biraimar", an yi shi ne don ya zauna a sama, ya zama shimfiɗa tsakanin fata da hodar ruwa. Ɗaya na neman shiga, ɗaya na neman zama a bakin ƙofa.

Firaima kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na silikon, wanda idan kin murza shi a bayan hannu za ki ji shi sulɓi kamar siliki, ba jiƙa ba maiƙo. Ki juya kwalbar, za ki ga an rubuta Dimethicone, ko Cyclopentasiloxane, ko Dimethicone Crosspolymer tun a layin farko. Na biyun nan tashi yake ya bi iska bayan an shafa, sauran su zauna su cike ƙananan ramukan fata da layukan gefen baki, kamar yadda magini ke yin yaɓe kafin fenti. Akwai na masu maiƙo, wanda ake ƙara wa Silica don ya tsotse naso. Sai kuma mai danƙo, wanda yawancinsa ruwa ne da gilisarin da wasu sinadarai masu kama abu, idan kin taɓa kumatu za ki ji yatsa na ɗan liƙewa. To wannan na ƙarshen ne kaɗai siram yake iya kwaikwaya, domin kayan cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Siram mai gilisarin da hayaluronik zai kwantar da gautsi, ya kumbura fata kaɗan da ruwa, ya ba hoda abin da za ta kama. Amma ba zai cike rami ba, ba zai shanye maiƙo ba. Wadda matsalarta manyan ramuka a hanci da naso kafin azahar, ko ta zuba rabin kwalba babu abin da zai canza sai ƙarin ƙyalli.

Wata za ta ce ai nayasinamaid, wani sinadari da ake sa wa siram, yana rage maiƙo. Haka ne, amma ba a ranar ba. Sai an yi makonni ana shafawa kafin a ga bambanci, kuma kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari ya wadatar. Masu kashi 10, irin wanda ya shahara na The Ordinary mai haɗe da zinc, ba laifi ba ne, sai dai suna daga cikin waɗanda suka fi yin farin kumfa da mulmulewa idan an cika hannu ko an murza da ƙarfi.

Abin da ya sa rana ta fita daban

A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 a Makka da Madina, man kariyar rana, wato "waƙi shams", ba ado ba ne. Baƙar fata ba ta saurin ƙonewa, gaskiya ne, amma tana saurin yin tabo, kuma tabon ƙuraje da duhun kumatu da ke fito wa mata bayan ciki rana ce ke ƙara musu baƙi. Shi kuwa man kariya yana da ƙa'ida guda da ba ta canzawa: shi ne na ƙarshe a cikin kayan gyaran fata, saboda aikinsa ya shimfiɗu ya bushe ya zama lulluɓi marar huji. Ke nan da rana, siram yana can ƙasa, man kariya na kansa, hodar ruwa na saman man kariya. Siram ɗin bai ma taɓa hodar ba, balle a ce shi ne firaima. Abin da hodarki take zaune a kai shi ne man kariya, don haka shi ya kamata ki zaɓa da idon mai neman firaima.

Wasu don su samu danƙon nan sai su ɗiga siram a saman man kariya. Kuskure ne mai tsada. Ruwan siram da murzar yatsa suna motsa lulluɓin, wani wuri ya yi kauri wani ya yi fayau, sai ki fita kina zaton kin rufu alhali akwai gurbi. Haka masu cakuɗa man kariya da hodar ruwa a tafin hannu: an tsinka shi, kuma ba wanda zai iya gaya miki lambar da ta rage.

Lambar da ke jikin kwalba, SPF 30 ko 50, ana gwada ta ne da miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata. A fuska wannan ya kai wajen kwatan ƙaramin cokalin shayi, ko layi biyu da aka ja a tsawon manuniya da ɗan tsakiya. SPF 30 na tare kusan kashi 97 na hasken da ke ƙona fata, SPF 50 kusan 98. Tazarar kaɗan ce. Babbar tazara tana tsakanin wadda ta shafa cikakke da wadda ta ɗan lakato. Hodar ruwa mai ɗauke da SPF ba ta maye gurbinsa, don babu mai shafa kwatan cokali na hoda a fuska sai in tana son ta koma gunki.

Nan kuma akwai matsalar tamu ta masu duhun fata. Man kariya mai Zinc Oxide ko Titanium Dioxide yakan bar fari, kuma idan aka ɗora hoda a kai sai fuska ta yi toka-toka, wuya na nan da launinsa, fuska ta yi nata daban. Mafita biyu ce: ko wanda ba ya barin fari sam, ko mai launi wanda aka sa wa Iron Oxides. Mai launin yana da ƙarin amfani, domin yana tare hasken da ido ke gani, wanda shi ma yana ƙara duhun tabo a baƙar fata. Da yawa daga cikin man kariya na zamani suna ɗauke da silikon da silika, shi ya sa idan kin dace da mai kyau, firaima ya zama ƙari ne kawai.

Jerin safe, da awo

Ƙa'idar da aka saba ita ce daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri. Dalilinta a fili yake: ruwa ba ya ratsa mai, amma mai yana iya zama a kan ruwa ya rufe shi.

A wanke fuska da sabulun fuska na ruwa, wato "gasul" marar zafi. A kula da ruwan famfo: a bazara tankin saman bene yana dafa ruwa har ya gagari hannu da tsakar rana, kuma ruwan zafi yana kwashe man da fata ke kare kanta da shi, sai ta yi tauri tana ja. Ki tari ruwa a roba tun da safe ya huce. Kada ki goge fuska ƙarau, ki ɗan dandanna tawul ki bar ta da danshi.

Siram ɗigo 2 zuwa 3, ba a wuce 4. Abin da ake gani a bidiyo, ana tsiyaya shi daga goshi yana gangarowa kumatu, don kyamara ake yi. Ki ɗiga a tafin hannu, ki haɗa hannu biyu, ki danna a fuska. Kuma kada bakin abin ɗigawar ya taɓa fata, don ƙwayoyin cuta yake kwasa ya mayar cikin kwalba. Ki jira kamar minti ɗaya. Alamar ya isa ita ce ki taɓa da bayan yatsa ki ji ɗan kamu amma yatsan bai jiƙe ba.

Sai man laushi, "murattib", gwargwadon ƙwayar wake. Mai maiƙon fuska da ke zaune a Jidda tana iya tsallake shi da safe idan man kariyarta yana da laushi, ba zunubi ba ne. Minti ɗaya ko biyu. Sai man kariya, yatsa biyu, amma kada a zuba shi gaba ɗaya: rabi tukuna, a baza, ya ɗan sha iska, sannan sauran. Daga nan minti 10 zuwa 15 ba a taɓa fuska. Wannan jiran shi ne ginshiƙin duk abin, kuma shi ne wanda gaggawar direba na jira a ƙasa take cinyewa. A lokacin ne za ki sa kaya, ki gyara gira, ki zizara kwalli.

In har sai kin sa firaima, kada ki baza shi fuska duka. Kamar rabin ƙwayar masara ya isa: gefen hanci, tsakiyar goshi, haɓa, a danna da yatsa. Hodar ruwa kuma da soso mai ɗan danshi, dandannawa, ba ja ba. Buroshi mai tauri da ake zagayawa da shi yana tono duk abin da ke ƙasa.

Idan siram biyu ne, misali bitamin C da hayaluronik, na bitamin C ne farko a kan busasshiyar fata, musamman in ainihin L-Ascorbic Acid ne, wanda ba ya shiga sai yana da tsami sosai. Fiye da biyu da safe a ƙarƙashin kwalliya neman rigima ne. Ki kai sauran dare.

Mulmulewa

Kin gama komai, kin ɗora hoda, sai kika ga wasu ƙananan dunƙule suna birgima a gefen muƙamuƙi da girar ido, kamar ɓurɓushin kilina a kan takarda. Kika sa yatsa ki cire, sai ya ƙara tashi, ya bar gurbi. Wannan ba dauɗa ba ce, ba kuma alamar jabu ba ce. Abin da ke ba siram kauri ne: Carbomer, Xanthan Gum, da hayaluronik mai manyan ƙwayoyi. Waɗannan ba sa shiga fata, bushewa suke a sama su zama fatar bakin kunu. Idan siririya ce ba a ganinta. Idan ta yi kauri, ko aka murza wani abu a kanta tana tsakanin jiƙa da bushewa, sai ta naɗe. Silikon mai laushin roba da ke cikin wasu firaima da man kariya shi ma haka yake yi idan ya haɗu da ita.

Gyaran yana bin wannan tsari ne. Fara da rage awo zuwa rabi, domin mafi yawan mulmulewa daga cika hannu take. In bai daina ba, ƙara jira. In bai daina ba, daina murzawa, koma dannawa. Sai a ƙarshe ki fara cire kaya ɗaya-ɗaya don gano mai laifi, kuma a bayan hannu ake wannan binciken, ba a fuska ana shirin fita ba: jera su yadda kika saba, jira, ki murza da yatsa. Wanda ya tashi, shi da na ƙasansa ba sa ga maciji.

In abin ya riga ya faru a fuska, kada ki ƙara hoda a kai. Ki share dunƙulen da busasshen buroshi mai laushi, sama-sama, sannan ki dandanna wurin da soso mai danshi.

Akwai maganar da ta zama kamar karatu a bakin masu kwalliya, cewa "na ruwa da na ruwa, na silikon da na silikon". Rabin gaskiya ce. Yawancin hodar ruwa haɗin ruwa ne da silikon tare, kuma ganin Aqua, wato ruwa, a farkon jeri ba ya nufin babu silikon, ki duba na biyu da na uku. Siram na ruwa da ya bushe sarai yana ɗaukar hodar silikon lafiya lau. Abin da ya fi ɓata kwalliya shi ne mai a ƙarƙashin hodar da aka yi don ta bushe ƙam. Man argan, man zaitun, man habbatus sauda, ko siram mai ruwan mai, narkar da hoda suke, yadda man goge kwalliya yake yi da dare. Bayan awa biyu za ki ga ta tattaru a gefen hanci ta yi dabbare-dabbare.

Tunda an zo kan karanta kwalba: ana jera sinadarai ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har a iso waɗanda ba su kai kashi 1 ba, daga nan jeri ba ya bin tsari. Phenoxyethanol ba a wuce kashi 1 da shi, don haka duk abin da ya zo bayansa ɗan kaɗan ne. Idan sinadarin da aka buga da manyan baƙaƙe a gaban kwali yana can bayansa, ki san yawancin abin da kika biya ruwa ne da gilisarin. Abin dariyar shi ne irin wannan siram ɗin marar hayaniya shi ya fi kwanciya a ƙarƙashin hoda.

Jidda ba Riyad ba ce

Hayaluronik da gilisarin ruwa suke ja su riƙe. A Jidda, inda iskar Bahar Maliya take da laima har gilashin ido ya yi hazo idan an fito daga mota, siram mai danƙo ba ya gama bushewa da wuri, kuma zufa tana ƙara jiƙa shi. Hodar da ke kansa sai ta riƙa zamewa. Can ɗigo biyu ya isa, a zaɓi mai ruwa-ruwa ba mai yauƙi ba, a ƙara lokacin jira a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kuma dogara da busasshiyar hoda a tsakiyar fuska.

A Riyad da Madina, da ma kowane ɗaki da mukayyif ke aiki dare da rana, matsalar a juye take. Iska a bushe take, ruwan da siram ya riƙe tashi yake cikin ɗan lokaci idan ba a rufe shi ba. Wadda ta shafa hayaluronik kaɗai a busasshiyar fuska ta ɗora hoda, kafin la'asar za ta ji fuska na ja, hoda ta tsattsage a ƙasan ido da gefen baki kamar ƙasar fadama a rani. A nan dole a shafa shi a kan danshi, kuma dole man laushi ya biyo baya, musamman mai Ceramide ko Squalane ko ɗan Dimethicone. Makka tana tsakani: zafi da zufa a waje, sanyi mai busarwa a ciki, fata na kai-komo tsakanin biyun sau da yawa a yini.

Niƙabi kuma yana da nasa hukunci. A ƙarƙashinsa numfashi na tara ɗumi da laima, kyallen kuma yana gogar karan hanci da saman kumatu a kowane motsi. Duk abin da ya rage da danƙo zai koma jikin kyalle, kuma a baƙin yadi ba ya ɓuya. Mai sa niƙabi ta fi kowa buƙatar fuskar da ta bushe sarai: siram kaɗan, hodar ruwa siririya, busasshiyar hoda a danna ta da soso a karan hanci, sannan feshin riƙe kwalliya daga tazarar kamu ɗaya, a bari ya bushe kafin a ɗaura. Ƙurajen da ke fitowa a haɓa da layin da kyalle ke bi, sau da yawa daga niƙabin da ya sha hoda da zufa ne aka maimaita shi ba wanki. Gara a samu biyu ko uku ana juyawa.

Sai alwala, wadda masu rubuta umarnin jikin kwalba ba su yi lissafi da ita ba. Abin da malamai suka bayyana shi ne duk abin da ya yi jiki a kan fata ya hana ruwa isa gare ta, sai an gusar da shi, amma abin da ya nutse ya bar laushi ko launi kawai, irin lalle, ba ya hanawa. Siram na ruwa nutsewa yake, ragowarsa kuma ruwa na wanke shi. Firaima mai kaurin silikon da hodar da aka yi don kada ruwa ya taɓa ta su ne za ki ga ruwa na taruwa ɗigo-ɗigo yana gangarewa a kansu. Shi ya sa masu dabara suke yin alwala kafin su zauna gaban madubi, kuma kwalliyar yini su yi ta marar nauyi wadda za ta fita da wanki ɗaya. Abin da ake mantawa: idan an wanke fuska da azahar, man kariya ya tafi. Mai fita bayan nan sai ta sake shafawa. Ƙaramar kwalba a jaka ta fi babbar da aka bari a gida. Mai shirin Umra kuma ta duba jeri, in ta ga Parfum ko Fragrance ta ajiye shi sai ta fita daga harami, domin siram da man laushi da yawa suna da ƙamshi ko da hanci bai kama sosai ba.

Inda siram ke cin kasuwarsa

Dare. Bikin ƙasar nan ba ya kankama sai bayan isha, a cikin ɗakin taro mai sanyi, mata zalla, ba rana ba niƙabi. Babu man kariya a tsakani, don haka a nan ne siram yake taɓa hoda da gaske. Ga mai busasshiyar fata ko matsakaiciya, ga yadda ake yi: fuska mai danshi, ɗigo 3 na siram mai gilisarin ko hayaluronik ko Panthenol, minti ɗaya, ɗan man laushi a kumatu da ƙasan ido kaɗai, minti biyar, sai hoda tun ana jin ɗan kamun nan. Kyan da yake bayarwa daban ne da na silikon: fata tana fitowa kamar fata, da ɗan sheƙi, ba kamar an lulluɓe ta ba. Ga wadda ta fara manyanta, wadda hoda ke shiga mata layukan fuska, sau da yawa wannan ya fi mata firaima.

Ana kuma iya ɗiga ɗigo ɗaya na siram a cikin matsa ɗaya na hodar ruwa a bayan hannu don a sassauta ta. Ɗaya, ba uku ba. Rufinta zai ragu, daɗewarta ma za ta ragu, wannan shi ne farashin. In kika ga haɗin ya tsinke ya yi gudaji a hannu, kada ki kai shi fuska.

Amarya kuwa, wadda za ta zauna ƙarƙashin fitilu tun daga ɗaukar hoto har kusan asuba, a raba mata fuska gida biyu: siram ko'ina, firaima mai tsotse maiƙo a goshi da hanci da haɓa. Kuma a yi hattara da farar hodar nan mai silika zalla, domin a ido ba a ganinta, amma hasken kyamara yana tona ta, hoto ya fito da farin gari a ƙasan ido. A ɗauki hoto ɗaya da filasha kafin a bar ɗaki. Ranar biki kuma ba ranar gwada sabon siram ba ce. Duk abin da zai hau fuskar amarya ya kamata ya yi aƙalla mako biyu tana amfani da shi, bayan an fara gwada shi kwana biyu ko uku a bayan kunne ko gefen muƙamuƙi.

Akwai siram da ba su da hurumi a ƙarƙashin kwalliya ko kaɗan. Retinol na dare ne, gwargwadon ƙwayar wake, a fara da sau biyu a mako, kuma mai ciki ko mai neman ciki ta bar shi. A makonnin farko yana sa fata ta riƙa saɓa, hoda kuwa ba abin da take tonawa kamar saɓa. Masu tsami irin Glycolic Acid su ma dare, ba a haɗa su da retinol a dare ɗaya, kuma suna sa fata ta ƙara jin rana. Wadda za a yi wa halawa a fuska ta dakatar da retinol kamar mako guda kafin nan, in ba haka ba halawar na iya ɗaukewa har da saman fata, ya warke ya bar baƙin tabo. Dilka ma gurza ce, ranar da aka yi ta ba a bin ta da mai tsami, laushi kawai fata ke nema.

Bitamin C na safe ne, yana kuma taimaka wa man kariya, kashi 10 zuwa 20. Amma zafi da haske da iska suna kashe shi. Sabo fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske. Idan ya koma ruwan shayi, ya tashi aiki, kuma yana iya barin ja-ja a fata ya canza launin hodar da ke kansa. Kwalbar da ta yini a cikin mota a filin ajiye motoci a watan Yuli, a ɗauka ta gama. Wurinsa firij ko aljihun durowa a ɗaki mai sanyi, ba tagar banɗaki ba. Ɗan hoton gwangwani buɗaɗɗe da ke jikin kwalba mai 6M ko 12M yana nufin watannin da zai yi bayan an buɗe.

Wata fatar kuma ba siram ba firaima da zai zaunar mata da hoda, ita ce wadda "khalɗa" ta cinye, wato haɗin man bilicin da ake sayarwa a robobi marasa suna. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha yin gargaɗi a kan irinsu, saboda abin da ake samu a ciki: kotizon mai ƙarfi irin Clobetasol, da Hydroquinone, wani lokaci har da sinadarin makuri. Kotizon yana sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo ƙuraje da gashi. Hydroquinone idan an daɗe ana shafa shi yana iya juyewa ya bar duhu mai shuɗi-shuɗi a kumatu, mai wuyar magani. Irin wannan fatar ko ruwan siram ya taɓa ta sai ta yi raɗaɗi, hoda kuma tana kama wani wuri ta ƙi wani. Ba a kuma yanke kotizon rana ɗaya bayan an daɗe a kansa, don fuska na iya yin ja ta kumbura. Likitan fata ne zai tsara yadda za a janye, kafin nan gasul marar zafi, man laushi da man kariya kaɗai.

Hanyar da za ki san ko fatarki tana cikin masu iya ajiye firaima ba ta wuce yini ɗaya ba. Ranar da ba ki da wani muhimmin zuwa, ki yi jerinki yadda kika saba, sai ki sa firaima a ɓarin dama kaɗai, hagu ki bar shi. Hoda iri ɗaya, awo ɗaya. Ki duba a hasken taga, ba a fitilar banɗaki ba, bayan awa ɗaya, sannan bayan awa huɗu. Wurare uku za ki kalla: gefen hanci, ƙasan ido, da layin murmushi. Ki danna farar takardar goge hannu a kowane ɓari ki ga wanne ya fi ba da hoda. Ki maimaita gwajin idan sanyi ya shigo, domin fuskar da ta ƙi siram a Agusta tana iya neman sa a Janairu.